Ƙarfen da Ba Ya Shan Ruwa

Sallama gare ku, ku da kuke biye da labarina. Yau zan gaya muku abin da ban taɓa gaya wa ko ƙawata ba. Akwai wata safiya da na tsaya a bayan dangar gidanmu ina roƙon Allah ya sa saurayina ya yi wa mahaifina rashin kunya. Kada ku yi saurin zagina. Ku gyara zama, in bi da ku daki-daki.

Ga wanda yau ya fara zama da mu, sunana Uwani. Mahaifina maƙeri ne, ƙauyenmu kuma yana bakin hanyar da ta taso daga Tsafe ta nufi Gusau. Abin ya faru ne a shekarar da ake shimfiɗa hanyar jirgin ƙasa zuwa Gusau, lokacin da in mota ta wuce mata kan bar taɓarya a turmi su fito kallo. Wanda nake so kuwa, a gida ban taɓa kama sunansa ba, "mai motar nan" nake cewa. Amma nan tsakaninmu ne: sunansa Labbo, mutumin Bungudu. Ya yi aikin soja a yaƙin Kamaru tun yana matashi, a can ya koyi tuƙi, ya kuma zauna a rumfar masu gyaran motocin soja. Da aka gama yaƙi aka yi gwanjon motocin, wani attajirin Gusau ya sayi ɗaya, daga baya ya danƙa wa Labbo.

Da kun ga motar nan da kun yi dariya, sannan ku yi shiru. Koren fentinta ya koɗe, lambar soja tana nan a gefenta rabi ya goge, tayoyinta roba ce zalla ba iska a ciki, rumfar direba kuma an yi mata faci da fatar akuya. Amma ta haura duwatsun Kamaru ta dawo, kuma kowane mako tana ɗauko kaya daga Funtuwa ta kai Gusau da Bungudu. Labbo yana ce mata Tsohuwa, yana shafa ta kamar mai doki.

A bakin rijiyarmu muka fara haɗuwa, ya tsaya neman ruwan da zai ba ta. Wata huɗu bayan haka baffansa ya zo daga Bungudu da goro, ya gaida Baba, ya faɗi abin da ke tafe da shi. Baba ya karɓi gaisuwa, ya ce zai yi shawara. Shawarar nan ta kai wata uku ba ta ƙare ba.

Inna kuwa ba ta ɓoye nata ra'ayin.

"Mutum ba gona, ba garke, sai warin fetur," in ji ta, tana murza ƙuli-ƙuli. "Ran da ƙarfen nan ya mutu, mi za ki ci? Taya?"

Ni dai sai in sunkuyar da kai in ci gaba da ƙwalfar man gyaɗa, don sana'ar Inna ke nan, ni kuma ke kai mata talla.

Kun san al'adarmu. Tun ranar da magabatan saurayi suka kai gaisuwa, shi da uban yarinya sun zama surukai. Ba ya haɗa ido da shi, ba ya cin abinci a gabansa, ba ya yi masa magana baki da baki, in ya hango shi a hanya sai ya ratse ya bi ta cikin gona. To, mai ƙafa ne ke iya ratsewa. Mota hanya ɗaya gare ta, hanyar kuma ta gaban maƙerar Baba ta bi. Abin da Labbo ke yi, tun daga nesa sai ya rage gudu, ya tuɓe takalmansa yana tuƙi, ya duƙar da kai ƙasan sitiyari, har mutane su ga kamar mota ce ke tafiya ita kaɗai. Duk ƙauyen sun san wannan, suna dariya, amma dariyar yabo ce.

Turawa suna da wayarsu da ke bin gefen hanya a kan sanduna. Mu tamu wayar Saude ce, wata Bafillatana mai tallar nono, wadda rugarsu ke wajen Tsafe. Ta girme ni nesa ba kusa ba, bakinta kuma ba ya gajiya. Duk saƙon da ke tsakanina da Labbo a ƙarƙashin ƙwaryarta yake tafiya.

Ranar wata Talata da hantsi, cikin zafin bazara, ina tsakar gida ina ɗaura baƙin zanena na saƙi, na sa kwalli, na zura mundayen da Baba ya ƙera mini, sai ga Saude ta shigo. Ta sauke ƙwarya ta jawo ni bayan rumbu.

"Mutumin naki ya zama mai gadin hanya."

"Mi ya faru?"

"Tsohuwarsa ta gurfana a gangaren tsamiya, ƙugunta ya karkace. Shina zaune gindinta kamar an yi mishi rasuwa. Ga gishiri buhu-buhu a bayanta."

Gangaren tsamiya ba shi da nisa da mu, in ka tsaya a ƙofar gidanmu kana hango itacen. Gishiri kuma a ƙarshen bazara, kwana biyu ke nan hadari yana haɗuwa da yamma yana watsewa. In ruwa ya sauka a kan kayan nan, attajirin ba zai sake ba shi mota ba, maganar Inna kuma ta tabbata.

"Mi ya ce ki gaya mini?"

"Ya ce kada ki bari Baba shi ji. Wai zai taka da ƙafa zuwa Gusau shi nemo mai gyara."

"Gusau? Ga maƙeri a nan?"

"Haka na ce mishi. Ya ce gara ƙafarsa ta tsage da shi tsaya gaban surukinsa shina roƙo."

A raina na ce, wannan mutum ya ga harsashi bai gudu ba, ga shi zai gudu daga dattijo mai awartaki. Ban aika masa da amsa ba. Na dama fura, na kai wa Baba a zaure, na dawo tsakar gida inda na san murya tana isa can, na ce da ƙarfi:

"Inna, an ce wata mota ta mutu a gangaren tsamiya."

Inna ta harare ni. "Wata mota? Motoci nawa kika sani?"

Daga zaure na ji ƙarar ludayi a ƙwarya har furar ta ƙare. Sannan na ji muryar Baba yana kiran ƙanensa, wanda suke ƙira tare.

"Jibo! Ɗauko masaba. Matafiyi ya lalace a ƙofar garinmu, ba a barinsa."

Na ɗora faifan ƙuli-ƙuli a ka na bi bayansu daga nesa. Talla ai ba ta da hanya guda.

Labbo yana hango su ya miƙe zumbur. Ya jawo farar rigarsa ya ɗora a kan tsohuwar kakin soja, ya tuɓe takalmi, ya zagaya bayan mota ya durƙusa, fuskarsa tana kallon ƙasa. Baba ya tsaya a gefe, shi ma ya kau da kai yana duban tsamiya. Tsakaninsu bai fi tsawon tabarma ba.

"Jibo, tambayi mai motar mi ya karye."

Baba Jibo mutum ne mai barkwanci, ko a wurin jana'iza sai an tsawata masa. Ya gyara murya kamar sanƙira. "Ana tambaya, mi ya karye?"

"Baba Jibo, a gaya wa Baba uwar sifirin ce."

"Yaya, ya ce uwarta ce ta rasu. Sai mu yi mata gaisuwa mu koma."

Mutanen da suka taru suka tuntsire da dariya. Baba bai yi ba. Ya naɗe rigarsa ya kwanta a ƙasa, ya shiga ƙarƙashin motar da bayansa. Bari in yi muku bayani yadda na fahimta daga baya. A saman kowace taya akwai wasu dogayen ƙarafa masu faɗi da aka jera kan juna, su ke ɗauke da nauyin mota suna lanƙwasa suna miƙewa, su ake ce wa sifirin. Na saman su duka shi ne uwa, bakinsa a naɗe yake kamar zobe, ta nan ake soke shi a jikin mota. Zoben nan ne ya ɓalle.

Ina ma kun ga yatsun Baba a kan ƙarfen nan. Yatsu ne masu kauri, duk tabon wuta, amma suna bin karayar a hankali kamar ungozoma. Bai taɓa shiga ƙarƙashin mota ba a rayuwarsa. Kafin ya fito ya riga ya gane yadda abin ke aiki.

Labbo yana da tsofaffin ƙarafan sifirin guda biyu a akwatinsa, ba su da zobe. Baba ya ɗaga ɗaya, ya ƙwanƙwasa shi da masaba, ya kara kunne.

"Wanga ƙarfe shina da murya," ya ce. "Jibo, gaya wa mai motar za a naɗe wa ƙarfen baki."

Aka ɗauki ƙarfen aka tafi maƙera. Maƙerarmu tana jingine da dangar gidanmu, akwai wata ɓula a zanar da na sani tun ina ƙarama. Nan na tsuguna. Baba Jibo zai zauna wurin zuga-zugi, sai Labbo ya riga shi, ya durƙusa ya kama fatun biyu. Ya iya kuwa. Iskar tana fita a jere ba yankewa, gawayin ƙirya ya yi jawur. Na ga Baba ya saci kallon hannuwansa sau ɗaya.

Ƙarfe ya nuna. Baba ya ciro shi da awartaki ya ɗora a kan uwar maƙera, Baba Jibo yana dukan babbar masaba, shi yana juyawa yana bi da ƙarama. Bakin ƙarfen ya riƙa naɗewa a jikin wata sandar ƙarfe kamar ana naɗe tabarma, har zobe ya fito daidai da na farko. Masu kallo suka ce, "Kai! Sannu, maƙeri!" Ni ma a bayan zana ƙirjina ya cika.

Sai Baba ya ɗaga ƙarfen ya nufi kaskon ruwa, yadda yake yi wa kowace fartanya da kowane gatari.

A nan na ga abin da ba kowa ya gani ba. Hannuwan Labbo suka tsaya cak a kan zuga-zugi. Ya ɗago kai, ya buɗe baki. Sai ya rufe, ya mayar da kansa ƙasa. Ƙarfe ya shiga ruwa, ya yi cuuu, tururi ya tashi.

Bayan la'asar aka ɗaura shi a mota. Labbo ya riƙa sassauta jak ɗin da ya ɗaga motar da shi a hankali, nauyin gishiri yana sauka. Sai muka ji ƙas! Zoben ya tsage kamar busasshen ƙoƙo, Tsohuwa ta sake karkacewa.

Wani daga baya ya ce, "Ƙarfen Nasara ya fi ƙarfin maƙerinmu." Shekara talatin Baba yana ƙira, ba a taɓa dawo masa da fartanya ba. Ya tsuguna ya ɗauki guntun, ya daɗe yana duban bakin karayar.

Labbo ya ce, muryarsa ƙasa-ƙasa, "Baba Jibo, a gaya wa Baba ba laifin aiki ba ne. Ƙarfen ne ya tsufa."

Baba ya dube shi. Wannan ne karo na farko da na ga ya dube shi sosai. Ya ce, "Jibo, saura ɗaya. Gobe da safe." Ya juya ya tafi.

Da magariba na kai masa tuwo, ya ture kwanon gefe. Ina wanke-wanke a bakin ɗakin Inna na ji suna magana.

"Ci abinci mana," in ji Inna. "Don ƙarfen mota za ka kwana da yunwa?"

"Ba ƙarfen ya dame ni ba. Yaron nan ya san abin da zai faru. Na ga idonsa sadda zan tsoma. Ya sani, ya haɗiye, ya bar ni na ɓata aiki gaban mutane, sannan ya ɗora wa ƙarfe laifi don shi daɗaɗa mini."

"Ai kunya ce. Ba ita kuke so ba?"

"Kunya tana da kyau a kan hanya. Amma ni ɗiya zan ba shi, ta tafi garin da ba ni nan. Ran da babba zai yi kuskure a kanta, ko baffansa, ko maigidansa, shi ma haka zai duƙar da kai? Abin da nike tsoro ga soja ke nan tun farko. An koya musu 'to' ba a koya musu 'a'a' ba."

Ashe abin da ya riƙe shawarar wata uku ke nan. Ba gona ba, ba fetur ba.

Yanzu ga inda zan buɗe muku cikina. Da sassafe Saude ta shigo, ta riga ta biyo ta wurin motar. Da na so, da na gaya mata duk abin da Baba ya ce, ta kai masa, ya zo ya yi abin da ake so a gani. Har na buɗe baki. Sai na ji wani abu ya riƙe ni. Tambayar Baba ta kwana a raina, ta zama tawa. Ni ce fa zan tafi Bungudu. Ni ma ina so in sani.

Na ce, "Koma ki tambaye shi, ya san abin da ya karya ƙarfen jiya?"

"Ke, nonona zai yi tsami a kan soyayyarku."

"Don Allah, Saude."

Ta tafi tana mita, ta dawo tana haki. "Ya ce ya sani."

"To mi ya hana shi faɗi?"

"Na tambaye shi, don na san za ki sake aikena. Ya ce da wane baki zai gyara wa Baba ƙira, a maƙerarsa, gaban garinsa?"

Na yi ɗan tunani. "Ki ce mishi, da bakin da ya ce shina so na. In wannan bakin bai iya ba, to ban san shi ba."

Saude ta riƙe haɓa. "Ɗiyar maƙeri! Ke ma wuta ce. Shi ke nan saƙon?"

"Shi ke nan."

Ba ta dawo da amsa ba. Ta ce ta faɗa masa, ya ɗauki ƙarfen da ya rage ya saɓa a kafaɗa.

Safiyar nan maƙera ta cika fiye da jiya, har da waɗanda suka fasa zuwa gona. Labbo ya koma wurin zuga-zugi. Idanunsa sun yi ja, rigarsa ta yi ƙura. Aka hura wuta, aka daki ƙarfe, zobe ya sake fitowa, ya ma fi na jiya kyau. Ni kuwa ina bayan zana, na damƙe mundayena don kada su yi ƙara, ina ta addu'ar da na gaya muku.

Baba ya ɗaga ƙarfen. Ya juya wajen kaskon ruwa. Na rantse muku a hankali ya juya, bai taɓa yin jinkiri haka da jan ƙarfe a hannu ba.

"Baba Jibo," in ji Labbo, "a gaya wa Baba..."

"A gaya mishi mi? Yi sauri, ɗan sanƙira ya tsufa."

Ƙarfe ya kusa taɓa ruwa. Ba sauran lokacin aike. Labbo ya saki zuga-zugi, ya yi tsalle ɗaya, ya sa hannu biyu ya kifar da kaskon. Ruwa ya malale a ƙasa, ya jiƙa ƙafafun Baba.

Wata tsohuwa ta ce, "La'ilaha!" Baba Jibo ma, da ba ya rasa abin faɗi, bakinsa ya mutu. Saurayi ya zubar da ruwan maƙerar surukinsa.

Labbo ya durƙusa a cikin caɓin. Amma bai duƙar da kai ba. Ya dubi Baba ido da ido.

"Baba, ka gafarce ni. Wanga ƙarfe ba ya shan ruwa. In ya sha sai shi bushe shi karye. Mai yake sha. Jiya na sani, ban faɗi ba, na kuma ce ƙarfen ne ya tsufa. Ba gaskiya na faɗi ba. Laifina ne, ba naka ba."

Ya faɗa da ƙarfi, yadda har na bayan taro suka ji. Baba yana tsaye da awartaki, jan ƙarfen yana dushewa. Fuskarsa ba ta nuna komai ba.

"Wane irin mai?"

Ku lura, bai ce "Jibo, tambaye shi" ba.

"A rumfar soja baƙin mai muke sa wa. Amma na gyaɗa ma zai yi, in shina da yawa. Bayan ya sha, a sake ɗumama shi kaɗan-kaɗan, ba a cikin wuta ba, a samanta, har launinsa shi juya."

"Shi juya zuwa mi?"

"Shuɗi. Sai dai ni ban iya kama lokacin ba, Baba. Na ga ana yi, amma duk sadda na gwada sai in wuce."

Baba ya mayar da ƙarfen cikin gawayi. "Koma ka hura." Sannan ya ɗaga murya ba tare da ya juyo ba. "Uwani! Na san kina bayan zanar nan. Ce wa innarki ta ba da man da ta tatsa jiya. Duka."

Kunya ta kusa kashe ni. Na ruga ciki. Inna ta riga ta ji, tana tsaye riƙe da ƙugu.

"Man da na yini ina murza? A ba ƙarfe shi sha? Yau na ga abin da ya fi ni." Tana faɗa tana sauko da tulun da hannunta. Har ta ɗora mini a ka, ta gyara mini gammo.

Na fito da shi gaban mutane, idona a ƙasa, na juye a dogon kasko. Baba ya ciro ƙarfen ya nutsa shi. Babu cuuu irin na ruwa. Wata 'yar wuta ta tashi a saman man ta mutu, maƙera ta gauraye da ƙamshi kamar ana suyar ƙosai.

"Kai," in ji Baba Jibo, bakinsa ya dawo, "ƙarfen ma ɗan gayu ne. A kawo mishi yaji."

Sai aikin da ya fi burge ni. Baba ya goge gefen zoben da dutsen wasa har ya yi fari. Ya riƙe shi a saman garwashi yana kai shi yana dawo da shi. Labbo ya daina hurawa, ya matso. Kawunansu biyu suka haɗu a kan ƙarfe ɗaya, furfura da baƙin gashi, sun manta da wata surukuta. Farin wurin ya koma kamar karan dawa, ya koma kamar jan goro, sannan wani launi ya fara tasowa daga gefe.

"Yanzu?" in ji Labbo.

"Dakata. Bai kai ba." Numfashi uku. "Yanzu."

Ya janye shi. Shuɗi ne sak, kamar zanen da ya fito daga marina. Labbo ya girgiza kai, ya ce a hankali, "Wanda ya koya mana a Kamaru bai kama shi haka ba."

"Ƙarfe ƙarfe ne," in ji Baba. "In an gaya mini abin da shika ci, na san sadda ya ƙoshi."

Kafin azahar aka ɗaura shi. Duk garin ya bi su gangaren tsamiya, har Inna ta yafa mayafi ta fito. Labbo ya kama jak yana sassautawa, zufa tana ɗiga daga haɓarsa. Nauyi ya sauka. Ƙarfen ya lanƙwasa, ya lanƙwasa, na rufe ido. Ban ji komai ba. Da na buɗe, Tsohuwa tana tsaye daram a kan ƙafafunta huɗu. Baba Jibo ya haye kan buhunan gishiri ya yi ta tsalle da gangan, motar tana lilo da shi tana dawowa. Mata suka rangaɗa guɗa. Labbo ya murɗa ƙarfen tayarwa sau biyu, ta yi tari, ta kama ruri.

Baba bai yi murmushi ba. Ya wanke hannu, ya ce, "Jibo, gaya wa..." Sai ya tsaya. Ya juya da kansa.

"Labbo."

Labbo ya zube ƙasa. "Na'am, Baba."

"Ban taɓa sakin aiki ban ga yadda ya yi a gona ba. Wanga gonarsa hanya ce. Zan bi ka in ji shi da jikina har Gusau. Daga can Bungudu nisa ne?"

"Ba nisa, Baba."

"To. Jira ni."

Ya nufi gida, na biya maƙera na ɗauki kaskon mai a ka, na bi shi a baya. A zaure ya tsaya, bai juyo ba.

"Ke kika gaya mishi abin da na ce wa innarki?"

"A'a, Baba. Wallahi ban gaya mishi ba."

"Kin san zai yi magana?"

"Ban sani ba."

"Ni ma ban sani ba," ya ce, ya shige ɗakinsa.

Da ya fito ban gane shi ba. Ya sa babbar rigarsa ta saƙi mai aska biyu, wadda ke kwance a ƙasan adaka, ya naɗa rawani, ƙamshin turare yana binsa. Bai ce mana komai ba sai "Sai na dawo." Daga ƙofar gida muka hango shi yana hawa gaban mota, Baba Jibo yana tura shi ta baya yana tsokana, Labbo kuma ya rasa inda zai sa idonsa. Tsohuwa ta ja, ta haura gangaren a hankali, ta miƙe hanyar Gusau.

Na zauna a dokin ƙofa. Mutumin da aka zubar masa da ruwan maƙera a gaban gari, me zai je ya ce wa baffan wanda ya zubar? Baba ba ya nuna fushi a fuska, ba ya nuna daɗi. Na ɗaga kai na dubi Inna.

"Inna, mi zai ce musu?"

Ta karɓi kaskon daga hannuna, ta leƙa baƙin man da ya rage, ta yi tsaki.

"Mai ya lalace," ta ce. "Tashi ki share hawayen nan, kwallinki ya zubo. Shekara ashirin da biyar nike gidan ga, ban taɓa ganin ubanki ya sa rigar nan don shi je shi ce a'a ba."